Yadda Za Ka Buga Tanis ɗin Bibbiyu da 'Yarka Ba Tare da Ka Waiwaya Ba

Ya kai uba, in har ka bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka shiga filin tanis da 'yarka, ku tsaya gefe ɗaya na raga, ku kara da wasu mutum biyu, ka kuma fito da ƙafafunka, da haƙoranka, da aƙalla rabin girmanka. Hanyar tabbatacciya ce. An gwada ta a kan mutum ɗaya, kuma yana nan da ransa.

Mutumin wani mai gyaran firij ne, ɗan shekara hamsin da biyu, wanda abokan cinikinsa ke kira Injiniya, ko da yake karatunsa bai wuce aji uku na sakandare ba. Yana da 'ya mai shekara goma sha bakwai da yake kira Mamana, domin sunan mahaifiyarsa ta ci. Yarinyar ta iya tanis. Shi kuwa abin da ya iya shi ne tsayuwa a bayan wayar da ta kewaye fili, ya saƙala yatsu a cikinta, yana koya mata abin da bai taɓa yi ba. Da labarinsa za mu riƙa misali, don kada ka ce daga kaina na ƙago.

Mataki na ɗaya: Ka fara jawo wa kanka

Babu uban da ke kwana ya tashi haka kawai ya tsinci kansa a filin tanis. Sai ya yi laifi. Saboda haka ka nemi laifi mai kyau, wanda za a daɗe ana tunawa da shi a gida.

Ga yadda Injiniya ya yi nasa. A wasan Mamana na ƙarshe, kocinta ya ƙirga, sau arba'in da ɗaya ya ɗaga murya daga bayan waya. "Lanƙwasa gwiwa!" "Kalli ƙwallon!" "Ki sha ruwa mana!" Da aka zo makin ƙarshe, fili ya yi tsit, yarinya ta cilla ƙwallo sama za ta buga, sai ya ga ai yanzu ne ta fi bukatar uba. Ya ce, "A hankali, Mamana!" Ƙwallon kuwa ta tafi a hankali, ta kwanta cikin raga.

Kwana huɗu ba ta ce masa komai ba sai "Ina kwana, Baba" da "Sannu da zuwa, Baba." A rana ta biyar, yana ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a ƙasa.

"Baba, gasar nan ta wata mai zuwa, wadda za a zaɓi masu wakiltar kulob. Don Allah kada ka zo."

Ya ji kamar firij ɗin da aka zare wa fulogi. Shekara tara yana kai ta filin nan. Bai taɓa fashin wasanta ko ɗaya ba, har da ranar da ya bar wa mai sayar da kifi firiza a kwance, kifi na narkewa, ya ce zai je ya dawo yanzu.

Uwar yaran ce ta shiga tsakani, bayan ta bar shi ya yi kwana biyu yana juya cokali a kwano.

"Ranar Asabar kulob na wasan iyaye da 'ya'ya, bibbiyu. Ka shiga da ita. In ka gama wasan ba ka ba ta shawara ba, ba ka kuma waiwaya ka kalle ta tana bugu ba, za ka je gasa. Ta yarda. An yafe maka kuskure biyu. Ka yi na uku, ranar gasa kana shago."

"Wa zai ƙirga?"

"Ni. Shekara ashirin da uku ina ƙirga naka, ban taɓa ɓata lissafi ba."

Mataki na biyu: Kaya

Za a ce maka da gajeren wando ake buga tanis. Kada ka saurara. Gwiwoyin da suka shekara talatin ba su ga rana ba, ba a fito da su gaban jama'a babu sanarwa. Injiniya ya gwada a ɗaki, ya kalli ƙafafunsa a madubi, ya tuɓe, ya sa dogon wando, bai kuma gaya wa kowa abin da ya gani ba.

Raket kuwa, wato abin buga ƙwallon, ka ara, kada ka saya. Mai sabon raket ana sa ran ya iya. Mai tsoho kuwa, in ya buga ƙwallo ta haura katanga, sai ya kalli igiyoyin raket ɗin ya girgiza kai, kowa ya gane daga inda matsalar take.

Mataki na uku: Ka koyi lissafinsu, amma kada ka nemi dalili

Filin dogo ne, raga a tsakiya. A kowane gefe akwai siririn lungu tsakanin farin layi biyu. In mutum ɗaya ke karawa da ɗaya, ƙwallon da ta faɗa lungun ta fita. In bibbiyu ne, tana ciki. Wato an ƙara faɗin fili saboda an ƙaro ka. Masu dokar ba su yi tunanin cewa da kai a ciki, filin da 'yarka za ta tsare ne ya ƙaru, mataimaki bai ƙaru ba.

Ci na farko sunansa sha biyar. Na biyu talatin. Na uku arba'in. Kada ka tambayi inda biyar ta tafi. Injiniya ya tambayi koci, koci ya ce shi ma haka ya tarar. Ci na huɗu ya ba ku abin da suke kira gem, sai fa in an yi kunnen doki a arba'in, to nan sai wani ya ci biyu a jere. Waɗanda suka fara tara gem shida, da tazarar biyu, su ne da nasara. Sifili kuma suna kiransa da wata kalmar Turanci mai nufin soyayya. Wannan kaɗai Injiniya ya gane nan take, domin duk uba ya san yadda ake tara soyayya a tashi da sifili.

Sai abokan karawa. Nasu Injiniya su ne Likitan Haƙori, dattijo mai shekara sittin da ke buga tanis tun yana jami'a, da 'yarsa da kowa ke kira Doguwa. Likita ya shigo fari fat tun daga ƙyallen goshi har safa, ya miƙo hannu ta saman raga.

"Injiniya! Yau cikin keji? Mun saba ganinka ta waje."

"Na zo duba wayar ta ciki ne, Likita."

"To, in ka tsaya a raga ka rufe baki. Ba na buɗe asibiti ranar Asabar."

Ka yi dariya in an yi maka irin wannan. Amma ka rufe bakin.

Mataki na huɗu: Ka tsaya a raga, ka ba ta baya

Nan ne zuciyar wasan, don haka ka gyara zama.

Mai sabis, wato wanda ke fara buga ƙwallo, yana tsayawa can layin baya, ya buga ta a karkace zuwa ɗan akwatin da ke ƙetaren raga. Abokin wasansa kuma yana tsayawa gaba, dab da raga, ya ɗan sunkuya, raket a gaban ƙirji, fuskarsa na kallon abokan karawa. Ba ya juyawa. Dalili biyu ne. In ka juya, ƙwallon 'yarka na iya samun hancinka. In ta kuskure hancin, ta mutanen can za ta dawo ta same ka kana kallon baya.

Mamana ce ta fara sabis. Kafin ta koma layin baya, ta matso ta kare baki da ƙwallo, kamar yadda 'yan bibbiyu ke yi don kada a karanci leɓensu.

"Baba, Likita kawai za ka kalla. A fuskarsa za ka ga abin da nake yi."

Injiniya ya gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta. Ya tsaya. Ya kafa wa ƙyallen goshin Likita ido. A bayansa ya ji tana buga ƙwallo a ƙasa, tap, tap, tap. Sai shiru.

To, wannan shirun shi ne abokin gabarka. Wuyan da ya shekara goma sha bakwai yana bin yarinya da kallo, tun tana rarrafe, tana tsallaka titi, tana shiga motar makaranta, ba ya jin magana rana ɗaya. Injiniya bai san lokacin da ya juya ba. Ya dai ga ƙwallo ta wuce ta gefen kunnensa da ƙara, kafin ya dawo da fuska Likita ya zura ta cikin lungunsa.

A kan benci, uwar yaran ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Wuyana ne ya ƙage," in ji shi.

"Sannu," ta ce. "Ƙagewa mai ido."

Duk da haka Mamana ta ci gem ɗin ita kaɗai. Shi ya tsaya a raga kamar wanda ke jiran mota.

Mataki na biyar: Ƙwallon tsakiya ba ta da uba

In abokan karawa masu wayo ne, ba gefenka za su bugo ba, ba gefenta ba. Tsakiyarku za su bugo, su tsaya su ga irin zaman da kuke yi a gida.

Maganin wannan kalma biyu ne. Wanda zai buga ya ce, "Tawa!" Wanda ba zai iya ba ya ce, "Taka!" Akwai ta uku, "Bari!", ga ƙwallon da za ta fita da kanta. Ka shirya ranka: 'yar cikinka za ta daka maka tsawa ta ce "Bari!" a gaban mutane, kai kuma ka bari. A falo da an zauna an yi magana. A nan doka ce, har tafi ake yi.

A gem na biyu Doguwa ta narko wata ƙwallo ta tsakiya. Mamana ta ce, "Tawa!" da murya mai kyau, har masu wasa a fili na gaba sun ji. Injiniya ma ya ji. Amma ya ga ƙarfin da ƙwallon ta taho da shi, ya tuna siririn hannun yarinyar, zuciyarsa ta ce masa wane irin uba ne zai tsaya yana kallo. Ya yi tsalle ya kai ɗauki. Raket ya haɗu da raket, ƙwas! Ƙwallon ta faɗi tsakaninsu ta gangara abinta.

Har nan bai yi laifi ba, wauta kawai ya yi, ita kuma ba ta cikin sharaɗi. Bakinsa ne ya ƙarasa aikin.

"Ai da kin ɗan matsa baya kaɗan, da..."

Mamana ta kalle shi. Ba harara ba ce, da ma harara ce da ya fi jin daɗi. Kallo ne na wadda ta gaji. A kan benci yatsa ya zama biyu, ga shi ko gumi ba a fara ba.

Darasi: kada ka cinye guzurinka tun a tasha.

Mataki na shida: Sabis ɗinka

Su huɗun nan, kowa sai ya yi sabis, gem guda-guda, ana zagayawa. Ba a tsallake kowa. Injiniya ya bincika, ko da takardar likita ba a ɗaga ƙafa.

Ana ba ka dama biyu a kowane maki. Masana na cilla ƙwallo sama su gantsare su sauke mata raket. Kai ma za ka so ka yi haka, saboda mutane na kallo. Yi sau ɗaya, don ka huta da sha'awar.

Yanzu kuwa wuri ya juya. Shi ne a layin baya, Mamana ce a raga ta ba shi baya. Ya cilla ƙwallo, ya gantsare, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, ya kai duka da ƙarfin da yake kwance tsohon noti. Ƙwallon ta tafi kai tsaye ta sauka tsakiyar bayan 'yarsa, tim!

Ya yi salati. Ya saki raket zai ruga. Sai ya lura ba ta juyo ba. Ta ɗan girgiza kafaɗa, ta koma ta sunkuya yadda take, idonta a kan Doguwa.

"Na biyu, Baba," ta ce, ba tare da ta motsa kai ba.

Ya tsaya riƙe da ƙwallo ta biyu yana kallon ƙeyarta. Duk filin nan babu wanda ya kai shi rashin iya sabis. Ta sani, bayanta ma ya sani. Amma ga ta nan tsaye a gabansa, taku goma tsakani, ta ba shi baya, tana jira. Ita da ke da dalilin waiwaye ba ta waiwaya ba. Shi kuwa, da gwanar kulob a bayansa, ko sakan biyar bai iya ba.

Ya ɗauki raket, ya buga ta ƙasa-ƙasa, irin yadda ake miƙa wa yaro lemo. Doka ta yarda da haka, girma ne kawai bai yarda ba. Ƙwallon ta haura raga da kyar. Doguwa ta mayar da ita inda babu kowa. Sun faɗi gem ɗin da soyayya zalla.

Mataki na bakwai: Ka kula da abin da hannunka ke yi a bayanka

Wanda ke raga yana iya yi wa mai sabis magana da hannu, a ɓoye a bayansa. In ya dunƙule, yana nufin ina nan inda nake. In ya buɗe tafi, yana nufin da kin buga zan tsallaka ɗaya gefen in tare, ke ki rufe nawa.

Mamana ta koya masa wannan a tsakar gida, ya kuma haddace. Abin da ba ta yi lissafi da shi ba shi ne wurin da ya ce ƙas. A gem na biyar, tana shirin sabis, ƙugun ya motsa, Injiniya ya kai hannu baya ya shimfiɗa tafi a wurin yana dannawa.

"To!" in ji Mamana daga baya, da murnar cewa yau Baba zai yi abin kirki.

Ta buga, ta sheƙo da gudu ta rufe gefensa. Ta same shi a nan, bai je ko'ina ba. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar masu ɗaukar hoto, rabin fili a buɗe. Likita ya ɗan taɓa ƙwallon ta faɗa can, ya ce, "Allah ya bar zumunci."

"Baba, ka buɗe hannu!"

"Ƙuguna nake riƙewa."

"To ka riƙe shi a dunƙule!"

Ka lura, ita tana da izinin ba ka shawara. Kada ka nemi adalci a nan, ba shi aka zo yi ba.

Mataki na takwas: Ka tafa, ka sha ruwa

Bayan kowane maki, 'yan bibbiyu na taɓa hannu. An ci, a tafa. An faɗi, a tafa. Da farko Injiniya ya ga wannan munafunci ne. Ta yaya za a tafa wa mutumin da ya aika ƙwallo wurin ajiye motoci? Sai a hankali ya gane tafin ba yabo ba ne. Ma'anarsa: ya wuce, ba za a sake maganarsa ba. Ya yi tunanin da a gida ake haka, da an samu sauƙin rayuwa.

Wani abu kuma. Rabonsa da riƙe hannun Mamana tun tana 'yar shekara goma, lokacin da ta ce ta iya tsallaka titi. Yau ya taɓa shi ya fi sau talatin. Tafin nata duk ya yi kanta, tauri kamar nasa. Bai san yaushe hakan ta faru ba.

Game da shawarwarin da za su riƙa taso maka kuwa, ga dabara: duk wadda ta iso maƙogwaro, ka kora ta da ruwa. Ana hutawa a canja gefe bayan gem na ɗaya, na uku, na biyar, haka dai. Injiniya ya shanye gora biyu da rabi. Koci ya yaba masa a kan kula da lafiya.

Mataki na tara: Igiyar takalmi

An kai gem na tara. Su Likita na da biyar, su Injiniya uku, kuma ukun nan kowa ya san mai su. Sabis ya dawo hannun Mamana. Suna gaba da arba'in da talatin, ta matso ta kare baki da ƙwallo.

"Zan bugo wa Likita ta tsakiya. Ka tsaya kawai."

Ya sunkuyar da kai yana saurare, sai idonsa ya sauka a kan takalminta na hagu. Igiyar ta kwance. Bakinta ɗaya na jan ƙasa.

Ya ɗago kai. Ya buɗe baki. Ya hango benci, yatsu biyu na nan a tsaye. In ya ce "ɗaura igiyarki," umarni ne. In ya ce "da kin ɗaura," shawara ce tsantsa, irin wadda ta kai shi inda yake. Ya gwada da ido, ya kalli takalmin, ya kalle ta, ya sake kallon takalmin. Ta ɗauka addu'a yake yi, ta ce "Amin, Baba," ta koma layin baya.

Ya tsaya a raga. Ya dunƙule hannu a baya har farcensa na shiga nama. Tap, tap, tap. Shiru. Ya kafa wa Likita ido. Ya ga girar dattijon ta ɗaga, ya ga ya ja da baya a gurguje, ya ga bakinsa ya buɗe. Ashe haka mutane ke yi in ƙwallon Mamana ta nufo su. Shekara tara yana kallonta, bai taɓa kallon waɗanda take bugo wa ƙwallon ba.

Likita ya mayar da kyar. Mamana ta sheƙo, ya ji takunta, ya ji bugun, ƙwallon ta wuce ta samansa. Sannan ya ji abin da yake tsoro: ƙarar takalmi ya goge ƙasa, da faɗuwar jiki, da raket na gangarawa.

Duk wata jijiya ta wuyansa ta ja baya. Ya ji kamar an ɗaura masa igiya ana fizga. Amma ƙwallon na raye, Doguwa ta riga ta kai mata, ga ta nan tafe a hankali, sama-sama.

Daga ƙasa, a bayansa, murya ta ce, "Taka, Baba!"

Ya rufe ido, wanda babu littafin da ya ce a yi haka, ya miƙa raket. Ƙwallon ta bugi ƙarfen gefen raket ɗin, ta hau saman raga, ta yi kamar tana shawara da kanta, ta faɗa gefen su Likita.

Sai a lokacin ya juya. Mamana na zaune a ƙasa, gwiwarta ta kuje tana ɗan jini, tana dariya har da riƙe ciki.

"Wannan da gangan ka yi, Injiniya?" in ji Likita.

"Mun daɗe muna shirya ta," in ji shi.

Mataki na goma: Ka faɗi wasan cikin mutunci

Doguwa ta yi sabis a gem na goma, ta gama da su cikin minti uku. Shida da huɗu. Aka gaisa a raga. Likita ya leƙa bakin Injiniya ya ce haƙoran duk suna nan.

A benci uwar yaran ta fito da auduga da ruwan wanke ciwo daga jaka. Injiniya ya tsuguna ya karɓa, yana goge gwiwar a hankali, yana satar kallon yatsun uwar yaran, domin bai tabbata ko an rufe lissafi ba. Mamana ta kalli takalminta, ta kalle shi.

"Baba. Ka ga igiyar nan tun ɗazu, ko?"

"Na gani."

"Shi ne kake ta zare min ido?"

"Shi ne."

"To me ya hana ka faɗa?"

"An ce kada in ba ki shawara."

Ta dafe kai. "Baba! Wannan ai ba shawara ba ce. Labari ne! In ka ce igiyarki ta kwance, labari ka ba ni. Ni na san abin da zan yi da shi."

Ya tsaya da auduga a hannu. Shekara hamsin da biyu, babu wanda ya taɓa raba masa waɗannan biyun.

"To... in na ce ana rana fa?"

"Labari ne."

"In na ce ga ruwa a jaka?"

"Labari ne. In ka ce in sha, ka koma gidan jiya."

Ya juya wajen uwar yaran. Ta ɗaga yatsun nan biyu, ta kalle su, ta naɗe su ta mayar cikin jaka tare da auduga.

Mamana ta ɗaure igiyarta da kanta, ƙulli biyu. Ta miƙe ta rataya jakar raket, ta ɗaga murya wajen koci da ke naɗe raga.

"Koci, ranar gasa a ajiye wa Baba kujera. Ba a bayan waya ba, a cikin mutane. Kusa da Mama."

"Sau nawa aka yarda ya yi magana?" in ji koci.

Ta ɗan yi tunani. "Labari uku."

Injiniya ya so ya ce uku sun yi kaɗan ga wasa mai tsawo haka, a ƙara ko biyu ne. Ya ɗauki ragowar rabin gorar ya shanye.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba koci ba ne, ba likitan ƙashi ba ne, ba kuma alƙalin zaman gida ba. Duk wanda ya bi matakan nan ƙugunsa ya ce ƙas, ko ƙwallo ta sami hancinsa, ko 'yarsa ta gano ashe ana iya daka masa tsawa a zauna lafiya, to shi ya kai kansa. Ba a karɓar ƙorafi a kan kujewar gwiwa, ko ta uba ko ta 'ya. In kuma ka je gasa ka ƙarar da labaranka uku tun ana ɗumama jiki, kada ka zo shagon gyaran firij neman ƙari. Mai shagon ma yana can yana ta tunanin waɗanne uku zai zaɓa.